Muryar da Aka Yanke daga Bidiyon Kawu

Akwai wani matashi da 'yan layinsu suka laƙaba wa suna Baƙo. Ba baƙon ba ne, a layin aka haife shi. Sai dai ya yi shekaru yana neman na kansa a ƙasashen mutane, ranar da ya dawo kuwa sai da ya tsaya yana tambayar hanyar gidansu, don gine-gine sun canja masa. Shi ke nan suna ya bi shi.

Ya dawo da waya mai tsada, da takalma masu ƙyalli, da wani ciwo guda: ba ya iya zama wuri ɗaya. Ana hira ƙafarsa na kaɗawa. Ka fara magana, shi zai ƙarasa maka.

Wata safiya mahaifiyarsa ta gaji. Ta ce, "Kai, ka ishe ni da safa da marwa. Ka kusa haƙa min rami a tsakar ɗaki. Tashi ka tafi shagon kawunka, ko ƙusa ce ka riƙa miƙa masa."

Kawu ƙanin mahaifiyar ne, sana'arsa gyaran kujerun kushin. Shagonsa ɗan siriri ne, tsakanin mai wanki da mai gyaran fanka. Soso jibge har rufi, yadi a nannaɗe a kusurwa, warin gam ya kama ko'ina.

Kawu yana da in'ina, mai ƙarfi ma. Amma duk layin babu mai son hira kamarsa. Yakan ce, "Maganata tsa-tsa-tsada gare ta, shi ya sa nake ba da ita kaɗan-kaɗan."

Abin da ya fara ɗaukar hankalin Baƙo shi ne abin da ke fitowa daga cikin kujerun. Duk kujerar da Kawu ya farke, sai an tsinci wani abu: cokali, mataji, ɗan kunne ƙwaya ɗaya, takalmin jariri. Kawu sai ya ɗaga abin sama ya tsara labarin gidan da bai taɓa shiga ba.

Ran nan ya zaro rimot daga ƙarƙashin sifirin, ƙarfen nan na cikin kujera mai lotsawa ya dawo. Ya ce, "Wannan mai-mai-maigidan ne ya ɓoye, kada a canja masa tasha. Ya manta inda ya sa. Tun daga ranar gidan nan la-la-labarai kawai ake kallo, har yaran sun san sunan kowane minista."

Mai wanki ya yi dariya har ya kusa ƙona rigar mutane. Baƙo kuwa ya zaro waya.

"Kawu, bari in riƙa ɗaukarka. Wallahi mutane za su so wannan."

"Ɗauka mana. Amma ta ɓangaren da-da-dama, can na fi kyau."

Da Baƙo ya zauna tace bidiyon farko, sai ƙafar nan ta fara kaɗawa. Labarin rimot da zai iya faɗa a numfashi biyu, Kawu ya ja shi ya ja. Baƙo ya ce a ransa, mutanen intanet ba su da haƙuri, kuma bakinsu ba shi da linzami. In suka ji in'inar nan, Kawu zai zama abin wasa.

Sai ya matse hoton ya bar hannuwan Kawu kawai. Ya cire sautin gaba ɗaya. Ya ɗora muryarsa, santala-santala, yana maimaita barkwancin Kawu kalma da kalma, ya saki bidiyon a intanet.

Ya ce wa kansa kare mutuncin Kawu yake yi. Akwai gaskiya a ciki. Amma akwai kuma daɗin da ya ji da aka fara rubuta, "Mai muryar nan ya iya labari."

Masu kallo suka fara taruwa, sai dai manhajar da yake ɗora bidiyon a kai ba ta biyan ƙananan shafuka. Wasu daga ƙasashe masu nisa suka ce suna son turo ɗan alheri, amma kuɗin turawa ta banki ya fi alherin yawa. Nan Baƙo ya tuna abin da ya gani a waje. Ya buɗe asusun kirifto, wato kuɗin intanet, ya manna lambarsa a ƙasan kowane bidiyo, wadda mutum zai haska da waya ya turo tukwici komai ƙanƙantarsa, daga duk inda yake.

Tukwici ya fara ɗigowa. Baƙo bai ci amana ba ta wannan gefen. Duk abin da ya shigo, in ya canja shi zuwa kuɗin gida, sai ya raba biyu ya damƙa wa Kawu nasa.

Kawu ya jujjuya kuɗin. "Wa ya ba ni?"

"Masu kallo."

"Sun san ni?"

"Ba su san ka ba. Daɗi suka ji, suka turo."

"Ta cikin wa-wa-wayar?"

"Ta ciki. Sai dai darajarsa tana hawa tana sauka, yau sama, gobe ƙasa."

"To ai si-si-sifirin ne. Wannan aikina ne, na saba da shi."

Wayar Kawu 'yar ƙarama ce mai madannai, ba ta nuna bidiyo. Shi ya sa kullum Baƙo yake tambaya. "Sun yi dariya a wajen rimot ɗin?"

"Sosai, Kawu."

"Wajen mi-mi-minista fa?"

"Nan ma suka fi yi."

Kawu sai ya shafa gemu. In ya ce a nuna masa, Baƙo ya ce caji ya yi ƙasa, ko data ta ƙare.

Sai ga Kawu ya fara zuwa shago da riga a goge. Ya rage gemu. Kafin ya taɓa almakashi sai ya fuskanci wayar ya ce, "Jama'ar cikin waya, ba-ba-barkanku da war haka." Matarsa ta tsegunta wa mahaifiyar Baƙo cewa har a gaban madubi yake gwada labari kafin ya fito.

Baƙo yana ganin duk wannan. Kullum yana cewa gobe zai faɗa masa, kullum goben tana zuwa da sabon tukwici, sai ya fasa.

Ana nan, wata mai shagon kitso ta sauke kujerarta a ƙofar shago. Mace ce mai fara'a da ƙarar murya. Tana ganin hannun Kawu ta tafa.

"La! Wallahi hannun ne! Ga tabon nan a babban yatsa. Baba, ni fa har tukwici na taɓa turo muku. To ina mai labarin? Ina mai muryar nan?"

Kawu ya gyara tsayuwa, ya buga ƙirji. "Ga-ga-ga shi a gabanki."

Ta yi dariya, a zatonta wasa yake. "Kai Baba! A'a, mai muryar nake nufi. Tsaya ka ji."

Kafin Baƙo ya tsallako tulin soso, ta kunna, ta ƙure ƙara.

Ga hannuwan Kawu riƙe da rimot. Ga labarin maigida da tasha, ga yara da ministoci. Komai na Kawu ne, ban da muryar.

Kawu ya kalla har ƙarshe. Ya ce ta kunna wani. Ta kunna. Ya ce ta ƙara. A na ukun ita ma ta gane akwai matsala, ta kashe wayar, ta ce za ta dawo anjima, ta sulale.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya ɗauki filaya ya ci gaba da zare ƙusoshi. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ɗauki ha-hannun. Ai shi kake so."

Daga ranar shagon ya yi tsit. Kawu ya tsinci agogon hannu a cikin wata kujera, ya ajiye shi gefe bai tsara masa labari ba. Mai gyaran fanka ya leƙo ya ce, "Lafiya? An ɗauke wuta ne a bakin mutumin?" Ba wanda ya yi dariya.

Da Baƙo ya kawo masa rabonsa, Kawu ya ture hannunsa. "Mayar musu. Mu-muryarka suka biya."

"Kawu, ba ya mayuwa haka nan. Yawancinsu ban san su ba, ban san ƙasarsu ba."

"To riƙe."

Wannan "riƙe" ita ta hana Baƙo sukuni. Ya dawo gida yana zagaye ɗaki fiye da da. Mahaifiyarsa, wadda labari ya riga ya iske, ta bar shi ya yi zagayensa, sannan ta ce, "Zauna."

Ya zauna.

"Kawunka da kake gani, sai da ya yi shekaru a makaranta bai ɗaga hannu ba. Ya san amsa, amma kafin ta fito an yi dariya an wuce. In aka aike mu kanti, ni ke magana, shi yana bayana. Wata rana ya ce min, Yaya, ki daina yi min magana, ki tsaya kawai kusa da ni. Na tsaya. Mai kanti ya jira, na jira, har ya faɗi abin da yake so da bakinsa. Ranar nan da gudu ya koma gida don murna."

"Mama, tsoro na ji kada a yi masa dariya."

"Ai an yi masa, tun ba a haife ka ba, bai mutu ba. Kai ba dariya ka yi masa ba, shafe shi ka yi. Kuma ko tambayarsa ba ka yi ba."

Washegari Baƙo ya riga Kawu zuwa shago. Ya share, ya jera yadi. Da Kawu ya iso, ya durƙusa a gabansa, takalman nan masu ƙyalli cikin garin soso.

"Kawu, na yi laifi. Na sace maka labari, na yi maka ƙarya. Na ce don kai na yi, amma har da don kaina. Duk bidiyoyin na asali suna nan da muryarka, ban goge ko ɗaya ba. In ka ce in rufe shafin, yanzu zan rufe. In ka ce in sa su yadda suke, zan sa. Amma ba zan ɓoye maka ba, wasu za su yi ba'a."

Kawu ya buɗe baki. Kalmar ta maƙale.

"Na ya... na ya... ya..."

Baƙo ya san kalmar. Tana kan harshensa, tana ƙaiƙayi. Ƙafarsa ta fara rawa, ya danne ta da hannu. Leɓen Kawu na karkarwa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Baƙo ya kalle shi ido cikin ido, ya yi shiru. Wani mai babur ya wuce. Fankar maƙwabci ta tashi ta mutu.

"Na ya-yafe," in ji Kawu. Ya sauke numfashi. "Amma da ka ƙarasa min ita, da na fa-fa-fasa."

Baƙo ya fashe da dariya, hawaye na zuba. Kawu ya ɗaga shi. "Tashi, kana ɓata min soso. Sa na rimot ɗin. Kuma ka faɗa musu gaskiya tukuna, da fu-fuskarka."

Haka aka yi. Baƙo ya fito a bidiyo ya ce, "Duk labaran da kuka ji a bakina, ba nawa ba ne. Ga mai su." Ya sa Kawu kamar yadda yake, fuska da murya, tun daga gaisuwar jama'ar cikin waya har zuwa ministoci. Bai yanke ko numfashi ba.

Abin da Baƙo ya ji tsoro ya faru. Wasu suka daina bin shafin. Tukwici ya ja baya. Wani ma ya rubuta, "Kafin tsohon nan ya gama jimla ɗaya, data ta ƙare."

Baƙo ya so ya goge. Kawu ya ce a karanta masa. Da ya ji, ya ce a kunna kyamara.

"Ɗana mai data, sannu. Ka yi ha-haƙuri. Kujerar da kake zaune a kai kana zagina, in ta lotsa, kawo ta. Hannuna ba ya in'ina."

Wannan ɗan guntun bidiyo shi ya zagaya. Aka riƙa tura shi daga waya zuwa waya. Sababbin mutane suka shigo, kuma waɗannan ba masu sauri ba ne. Suka zauna suka kalli labarin cokali, da na takalmin jariri, da na agogo, wanda sai yanzu Kawu ya yarda ya ba da shi.

Tukwici ya dawo, ƙanana-ƙanana, daga wuraren da Baƙo ma duk yawonsa bai taka ba. Wannan karon ya buɗe wa Kawu asusunsa na kansa, ya saya masa waya mai nuna bidiyo, ya zauna ya koya masa a hankali. Ya gargaɗe shi kada ya ba kowa kalmomin sirrin asusun, ko da shi Baƙon ne. Kawu ya ce, "Kwantar da hankalinka. Kafin in gama fa-faɗa wa ɓarawo, ya gaji ya tafi."

Mai shagon kitso ta dawo karɓar kujerarta tana ta ba da haƙuri. Kawu ya ce ai ita ta yi masa gyara, ya ƙara mata soso kyauta.

Cikin masu turo tukwici akwai wani da ke haɗawa da saƙo a ƙarƙashin bidiyo. Ya ce shi direban babbar mota ne, yana ratsa ƙasashe da kaya, kuma shi ma yana da in'ina. Ya ce tun da ya mallaki waya bai taɓa tura wa kowa saƙon murya ba, ko matarsa. Rubutu kawai.

Kawu ya sa aka amsa masa da bidiyo. "Direba, mo-motarka ma ai ba ta tashi a bugu ɗaya, amma tana kai kaya. Turo murya, ina jira."

Bayan 'yan kwanaki saƙon murya ya shigo. Dogo ne. Kawu ya ajiye guduma, Baƙo ya ajiye almakashi, mai wanki ya kashe dutsen guga. Suka saurara tun daga sallama har zuwa ƙarshe. Direban ya ce wannan ne na biyu, na farkon matarsa ya tura wa, ta kira shi tana kuka tana dariya.

Kawu ya share ido da gefen riga ya ce garin soso ne ya shiga.

Ba a daɗe ba, wata hantsi, sai ga ƙatuwar mota ta toshe layin gaba ɗaya. Wani dogon mutum ya sauko da kujerar direba a kafaɗa, duk ta yage, soso na leƙe.

"A-a-assalamu alaikum. Ni-ni ne."

"Di-di-direba!"

Suka rungume juna kamar 'yan uwan da suka ɓace wa juna. Aka kawo shayi. Kawu ya farke kujerar, ya tsinci murfin biro da ɓawon gyaɗa, ya tsara wa direba labarin rayuwarsa kaf, direba yana dariya yana cewa rabi gaskiya ne. Su biyun suka ce Baƙo ya ɗauka, kuma kada ya yanke komai.

Rigima ba ta tashi ba sai wajen biya.

"Na-nawa ne?"

"Ba-babu. Kai baƙona ne."

"Wa-wallahi sai na biya."

"Ka-ka riga ka biya ta waya."

"Wa-wancan tukwici ne. Wannan a-a-aiki ne."

"To aikin na ba ka tu-tukwici."

Layi ya cika. Mai gyaran fanka ya goyi bayan direba, mai wanki ya goyi bayan Kawu. Masu motocin da aka toshe wa hanya suka gaji da hon, suka fito su ma suka shiga kallo. Babu wanda ya ƙarasa wa wani kalma.

Baƙo yana tsaye riƙe da waya, hannu ya sage, bai motsa ba. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, ga shi an dasa shi kamar turke, bakinsa har kunne.

Can wayar ta yi ƙara, ta mutu.

"Kawu, caji ya ƙare."

Kawu ya waiwayo, ya kalli direba, ya kalli taron.

"Je ka sa ta a wuta, ɗana. Za ka da-dawo ka same mu. Ko rabi ba mu yi ba."

Darasi: Kada ka yi wa mutum magana alhali yana da bakinsa, kuma kada ka ɓoye shi da sunan kana kare shi ba tare da ka tambaye shi ba. Abin da kake jin kunyar nunawa a jikin ɗan uwanka, wataƙila shi wani yake jira ya gani don ya samu ƙarfin gwiwa. Masu neman abinci a intanet, ku faɗi mai abu in kun ɗauko abinsa, tukwicin da ya zo ta gaskiya ya fi albarka. In akwai wanda kake yawan katsewa in yana magana, yau ka jira shi ya gama. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, musamman masu gaggawa irinmu.